Yadda zaka gyara jagorar databes ta amfani sabon shiga da tsohon hannu

Duk wanda yake kula da databes, wato manhajar ajiye bayanai a teburi, a wurin aiki, ko PostgreSQL ne ko MySQL ko SQLite, yana da wani fayil da yake kira jagora. Abin takaicin shine sabon yaro zai buɗe bai gane komai ba, tsohon hannu ya buɗe bai samu abinda yake nema ba, kowa ya rufe ya koma yana kiran mutum ɗaya a waya, ranar da mutumin nan ya bar aiki kuma shikenan an shiga uku. Yawanci ba ƙarancin rubutu bane, wani lokacin rubutun ma ya yi yawa. An cusa mutum biyu ne a shafi ɗaya alhali ba abu ɗaya suke so ba, sannan misalan da ke ciki ba wanda ya sake gwada su tun ranar da aka rubuta. Waɗannan biyun nake so mu gyara, mataki mataki.

Mataki na farko: kar ka fara da rubutu

Ka fara da tattara inda mutane suke maƙalewa. Buɗe fayil ɗaya, duk tambayar da aka yi maka a zuba, duk saƙon kuskuren da wani ya turo maka hotonsa ka kwafe shi harafi da harafi yadda kwamfuta ta fitar. Wannan kwafewar tana da muhimmanci sosai, domin mutum in ya maƙale ba taken babi yake nema ba, saƙon da ya gani a allo shi zai manna a wurin bincike. Idan jagorarka ta ce "matsalar izinin shiga" kawai, shi kuma abinda ke gabansa `FATAL: Peer authentication failed for user "postgres"` ne, ba zasu taɓa haɗuwa ba. Amma in saƙon yana cikin shafin yadda yake, ƙarƙashinsa ka yi bayani da Hausa cewa a Ubuntu da Debian sabar, wato injin da ke riƙe da databes ɗin, tana duba sunan mai amfani da kwamfutar ne ba kalmar sirri ba, a shiga da `sudo -u postgres psql` ko a gyara fayil ɗin `pg_hba.conf`, toh ka ceci mutum daga ɓata yini. Haka `ERROR 1045 (28000): Access denied` na MySQL.

Bayan ɗan lokaci zaka ga tambayoyi ƙalilan ne suke ta maimaituwa. Su zaka fara rubutawa, ba tarihin manhajar ba.

Na biyu: raba hanyoyin

Ka duba yadda baƙo yake shiga kasuwar Kurmi da yadda ɗan gari yake shiga. Baƙo so yake a kama hannunsa a kai shi har ƙofar rumfa, ɗan gari ya san layin, farashin yau kawai zai tambaya ya wuce. In ka tsayar da ɗan gari kana yi masa kwatance ka ɓata masa lokaci, in ka faɗawa baƙo farashi kawai ka bar shi a tsaye.

Akwai tsarin da Daniele Procida ya fitar mai suna Diátaxis, ya kasa jagora gida huɗu: darasin koyo, yadda ake wani takamaiman aiki, shafukan duba bayani, da kuma shafukan fahimtar dalili. Ba dole sai ka bi shi sak ba, amma rabon yana aiki. Jagorar PostgreSQL ma da ɗan kama da haka take, ta fara da ƙaramin darasi inda ake wasa da teburin yanayi da na birane, sai babin yaren SQL, sai kula da saba, can gaba sai ɓangaren da kowane umarni yake da shafinsa, ƙarshe sai yadda cikin injin yake aiki. Wanda ya zo jiya ba ruwansa da ɓangaren ƙarshe, wanda ya shekara goma ba zai koma darasin farko ba.

Abinda zaka yi a aikace: ɗauki kowane shafi da kake da shi ka tambayi kanka, wa zai karanta wannan, kuma a wane hali yake lokacin? Mai koyo ne da yamma hankali kwance, ko wanda saba ta faɗi masa ana ta kiransa? Shafin da ka kasa ba shi amsa ɗaya, shafi biyu ne aka haɗe, raba shi ka sa linki tsakaninsu.

Na uku: darasin farko

Nan zan daɗe, domin nan ake rasa mutane. Darasin farko hanya ɗaya tak zai bi. Kar ka ce "zaka iya girkawa ta nan ko ta can ko ta Docker" (manhajar da ke tayar da wata manhaja a keɓantaccen akwati), sabon shiga bai san wanne zai zaɓa ba, zaɓin ma tsoro yake ba shi. Kai ka zaɓa masa, sauran hanyoyin su koma wani shafi. Kuma kar a fara da doguwar lacca kan menene databes, a bar shi ya ga abu ya yi aiki a hannunsa tukunna, bayani ya biyo baya.

Misalin ya zama abinda ya sani. Maimakon teburi masu suna `foo` da `bar`, ga irin wannan:

```
CREATE TABLE kaya (
  lamba   integer PRIMARY KEY,
  suna    text NOT NULL,
  farashi numeric(12,2)
);

INSERT INTO kaya VALUES
  (1, 'buhun masara', 40000),
  (2, 'ƙullin gishiri', 200);
```

Sai ka nuna masa abinda zai gani bayan kowane umarni, ko da kalma biyu ce. A nan psql, wato manhajar da ake buga wa PostgreSQL umarni a cikinta, zata amsa da `INSERT 0 2`. Kai ka saba har ka daina ganinsa, amma sabon shiga yana ganin sifirin nan zai ɗauka abin bai shiga ba, ya sake turawa, sai kuma ya ci karo da kuskuren maimaita lamba, yanzu matsala ta zama biyu. Layi ɗaya ya isa: 2 ɗin shine yawan layukan da suka shiga, 0 ɗin ragowar wani tsohon tsari ne, a manta da shi.

Ga wani da kusan kowa ya taɓa faɗawa. Mutum ya rubuta umarni ya manta alamar `;` a ƙarshe, ya danna enta, shiru, ba amsa ba kuskure. Sai ya ɗauka ta daskare. Alhali alamar da ke farkon layi ce ta canza daga `=>` zuwa `->`, wato psql tana jira ya ƙarasa magana. Wannan dole ya shiga darasin farko, daidai wurin da zai faru, ba a ƙarshen littafi ba. A nan kuma zaka koya masa `\dt` don ganin teburansa, `\d kaya` don ganin tsarin teburi, `\h` don neman taimako kan umarni ba tare da intanet ba, da `\q` don fita, saboda wlh akwai masu rufe tagar gaba ɗaya don basu san hanyar fita ba.

Ka lura na sa `numeric` a farashi. Ka faɗi dalili a taƙaice: kuɗi ba a ajiye su a `real` ko `double precision` domin waɗannan kusantar lamba suke yi, kwabo zai riƙa ɓacewa a lissafi. Jimla ɗaya, sai linki zuwa cikakken bayani ga mai so. Misalin da ke darasin farko shi mutane zasu kwafa su gina manhajar gaske a kai, don haka duk wata mummunar ɗabi'a da ka saka a ciki ka raba ta ga duk wanda ya karanta.

A ƙarshen darasin a nuna yadda ake share abinda aka gina, don ya iya sake farawa daga tushe ba fargaba.

Na huɗu: shafukan tsohon hannu

Shi wannan ba labari yake so ba. So yake kowane shafi ya zo da tsari iri ɗaya, idonsa ya san inda zai sauka. Ga kowane saiti, a amsa masa: me yake yi, nawa yake zuwa da shi daga gida, mafi ƙanƙanta da mafi girma, sai an sake tayar da saba ne ko yana kamawa nan take, wa ke da ikon canza shi, kuma me zai lalace in an wuce gona da iri.

Ɗauki `work_mem` na PostgreSQL. Yana zuwa da 4MB. Jagora mai rauni zata ce "memorin da ake amfani da shi wajen jera bayanai", ta tsaya. Mutum ya ga sabarsa tana da memori da yawa ya mayar da shi 1GB. Abinda ba a faɗa masa ba shine adadin nan na kowane aikin jerawa ne ko haɗawa, tambaya ɗaya mai sarƙaƙiya tana iya cin ninkinsa sau da yawa, ga kuma `max_connections`, wato yawan masu iya haɗuwa da saba a lokaci ɗaya, da yake zuwa da 100, ka lissafa da kanka. Wannan gargaɗin shine ainihin amfanin shafin. Shi kuma `shared_buffers`, memorin da saba take riƙe bayanai a kusa don saurin karantawa, yana zuwa da 128MB, jagorar PostgreSQL ta ba da shawarar a fara da kashi 25 cikin 100 na memori a sabar da databes kaɗai take yi, kuma ba ya kamawa sai an sake tayar da saba. Wanda zai taɓa shi da rana tsaka ana aiki yana buƙatar sanin wannan kafin ya taɓa.

Irin waɗannan lambobin kar ka riƙa buga su da hannu. PostgreSQL tana da `pg_settings`, a ciki akwai sunan kowane saiti da ƙimarsa da iyakarsa da ko sai an sake tayarwa. Rubuta ƙaramin sikirif ya ciro su ya zuba a shafin, kai kuma ka kashe ƙarfinka kan gargaɗi da dalili, wanda inji ba zai rubuta maka ba. Haka tsarin teburanku na wurin aiki, ku sa bayani a jikin databes ɗin da `COMMENT ON`, jagorar ta ɗebo daga can.

Wajen nuna yadda ake jera umarni, SQLite tana amfani da zane mai kama da layin dogo, ka bi kibiya da ido ka ga me zai iya biyo bayan me. PostgreSQL kuma rubutu take yi da baka-baka. Kowanne ka ɗauka, ka bi shi da misali biyu ko uku na gaske, ɗaya mai sauƙi ɗaya mai wuya, don ko ƙwararre misali yake fara dubawa.

Na biyar: shafin tarko

Wannan shine shafin da na fi ƙauna a kowace jagora, kuma shi aka fi ƙin rubutawa don mutane basa son faɗin aibin kayansu. Masu SQLite sun ware shafi guda sun jera abubuwan da manhajarsu take yi saɓanin yadda ake zato. Misali ba ta tilasta alaƙar teburi da teburi sai ka kunna da `PRAGMA foreign_keys = ON` a kowane haɗi da aka yi da databes ɗin, kuma zaka iya zuba rubutu a ginshiƙin da ka ce na lamba ne ta karɓa, sai a siga 3.37 ta 2021 aka kawo teburi masu `STRICT`. Wanda ya karanta wannan ba raina manhajar zai yi ba, yarda zai ƙara yi da ita.

Ga kaɗan da ya kamata su shiga naka. `EXPLAIN ANALYZE` ba duba tsari kawai yake ba, gudanar da umarnin yake da gaske, in ka sa shi gaban `DELETE` bayanan sun tafi, sai dai in ka kewaye shi da `BEGIN` da `ROLLBACK`. `= NULL` ba ya kamo komai, `IS NULL` ake cewa. `UPDATE` ba tare da `WHERE` ba duk teburin zai taɓa. Masu ƙaura daga MySQL zuwa PostgreSQL su sani matakin keɓe ma'amala, wato iya abinda wani aiki yake gani na canjin da wani aikin yake yi a lokaci ɗaya, ba ɗaya bane, InnoDB, injin ajiyar MySQL, tana zuwa da `REPEATABLE READ`, PostgreSQL da `READ COMMITTED`.

Sai wanda ya shafe mu kai tsaye, haruffa masu ƙugiya. Kafin MySQL 8.0 ta 2018, tsarin haruffan da take zuwa da shi `latin1` ne, kuma babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa. Sai ka ga sunan Ɗanladi ko Ƙaura ya koma alamar tambaya, ko ta ƙi karɓa da `Incorrect string value`. Har yau akwai tsofaffin teburi a haka a makarantu da ofisoshi, domin ɗaga siga ba ya canza teburin da aka riga aka gina. Jagorar da aka rubuta a Turai ba lallai ta kawo wannan misalin ba, kai ne zaka kawo. Ka rubuta a yi amfani da `utf8mb4`, a teburi da kuma a haɗin da manhaja take yi, ka kuma sa suna mai ƙugiya cikin misalanka da gangan, shi ya sa na sa ƙullin gishiri a sama, in wani abu ya karkace tun a darasin farko za a gani.

Gargaɗi kuma kafin umarni ake sa shi. Mutane kwafa suke su manna kafin su karanta layi na gaba.

Na shida: kowane shafi ya faɗi sigarsa

PostgreSQL tana fitar da babbar siga duk shekara, kowacce ana kula da ita shekara 5, kuma abubuwa suna canzawa. A siga 10 aka mayar da sunan foldar `pg_xlog` zuwa `pg_wal`. A 12 aka cire fayil ɗin `recovery.conf`, har ma saba ba zata tashi ba in ta tarar da shi. A 15 ta 2022 aka hana kowa da kowa gina teburi a `public`, wato sashen da teburi ke shiga in ba a faɗi wani ba, sai ga dubban darussa da suke daidai jiya sun fara fitar da `permission denied for schema public` a umarnin farko. Mai koyo ba zai ce jagora ce ta tsufa ba, kansa zai zarga, wani daga nan ya haƙura da koyon gaba ɗaya, wannan shine abinda yake min ciwo.

Don haka a saman shafi a rubuta sigar da aka gwada shi da ita. Inda hali ya canza a faɗa a wurin: daga 15 zuwa sama sai an ba da izini da `GRANT CREATE ON SCHEMA public`, ko mai amfanin ya zama shine mai databes ɗin. Tsohon shafi kar a goge, akwai masu tsohuwar saba, a dai manna masa sanarwa a sama da linkin sabon.

Na bakwai: inji ya riƙa gwada misalan

Ido baya kama misalin da ya ruɓe. Ajiye jagorar a Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin kowane canji, kusa da kod ɗin, a tsarin rubutu zalla irin Markdown ko makamancinsa, manhajoji irin MkDocs ko Sphinx su mayar da ita shafuka. Kowane misali ya zauna a fayil ɗinsa na `.sql`, shafin ya jawo shi daga can. Sai ka tayar da sabuwar databes fanko, ka gudanar da `psql -v ON_ERROR_STOP=1 -f misali.sql`, ka kwatanta abinda ya fito da wanda ka ajiye ta hanyar `diff`. Haka PostgreSQL kanta take gwajin injinta, folda ɗaya ta umarni, ɗaya ta amsar da ake sa rai. Da Docker zaka iya maimaitawa a kan kowace siga da kuka ce kuna tallafawa. Sai ku sa doka a tsakaninku: duk canjin da ya taɓa halin manhaja ba ya shiga sai da gyaran jagora a tare da shi.

Wannan ma wani dalili ne na barin hoton allo. Ba a kwafar umarni daga hoto, ba a bincikensa, inji baya gwada shi, ga cin data ga wanda yake karatu a waya.

Na takwas: shafin ranar wuya

Kusan kowace jagora tana nuna yadda ake ɗaukar bakaf, wato kwafin ajiya na bayanai, kaɗan ne suke nuna yadda ake dawo da shi. Rubuta dawowar, ka gwada ta a kan wata kwamfuta daban. A nan zaka gano `pg_dump` baya ɗaukar masu amfani da izininsu na saba, sai ka haɗa da `pg_dumpall --globals-only`. Fayil ɗin da aka ɗauka da `-Fc` da `pg_restore` ake mayar da shi, na rubutu zalla kuma da psql. A SQLite ba a kwafar fayil ɗin kai tsaye ana cikin rubutu a kansa, `.backup` ake amfani da shi ko `VACUUM INTO`. Kuma tunda mu wuta tana iya ɗaukewa kowane lokaci, a rubuta da manyan baƙi cewa kar wanda ya kashe `fsync`, saitin da ke tabbatar da bayanai sun sauka a faifai, don neman sauri, in wuta ta tafi a haka bayanai suna iya lalacewar da ba gyara.

Shafin nan gajerun jimloli yake so, lamba lamba, umarni ɗaya a kowane mataki da yadda za a tabbatar ya yi, domin mai karanta shi hankalinsa a tashe yake. A ajiye kwafinsa a wajen sabar, har da bugagge a takarda.

Na ƙarshe: zaunar da mutum

Nemo wanda bai taɓa taɓa manhajar ba, ɗalibi ko sabon ma'aikaci, ka ba shi darasin farko da kwamfuta fes, ka zauna gefe ka kama bakinka. Zai yi wuya, zaka so ka ce "a'a danna can", daure. Duk inda ya tsaya ya ɗaga kai, yi alama, wurin nan akwai matakin da ka tsallake don ka saba. In da Hausa kake bayanin, ka bar umarni da saƙon kuskure yadda suke, ka kuma tsaya kan suna ɗaya ga kowane abu, in ka ce ginshiƙi a shafi na farko kar ka dawo ka ce kolum a na uku.

Shi kuma tsohon hannu gwajinsa daban ne. Ba shi tambaya ta gaske, misali ko canza `shared_buffers` yana buƙatar sake tayar da saba, ka ga ta ina zai bi da kuma shafi nawa zai buɗe kafin ya samu. In ya bar jagorarka ya tafi Google, tambaye shi kalmomin da ya rubuta a can, ka dawo ka sa su a taken shafin. Gyara, sannan ka nemo wasu mutum biyun daban, don waɗannan sun riga sun san hanya.